Yadda ake zaɓen madubin saitin bindigar farauta idan kuɗi sun yi ƙaranci

Madubin da ake ɗora wa bindigar farauta aikinsa biyu ne: ya nuna maka dabba sarai, sannan ya tsaya a inda ka saita shi komai yawan harbin da aka yi. Wanda ya cika waɗannan biyun ya biya kuɗinsa ko da babu ado ko ɗaya a jikinsa. Abin da ke rikita mai ƙaramin ƙarfi shi ne, masu araha su suka fi kowa cika baki a jikin kwali: manyan lambobi, fitila ja da koriya, maɓallai rututu. Kamfani kuwa ba ya aikin asara. Idan madubai biyu kuɗinsu ɗaya, wannan yana da abubuwa goma wancan yana da uku, to kuɗin ƙarin bakwai ɗin daga wani wuri aka zaftare shi, kuma galibi daga ingancin gilashi ne da ƙananan ƙarafan ciki, waɗanda mai saye ba ya gani sai ranar da suka kunyata shi a daji. Duk matakan da ke tafe a kan wannan lissafin suke.

Ina ɗauka bindigarka mai lasisi ce, kuma ka san dokar farauta ta inda kake, domin akwai wuraren da aka hana wasu nau'o'in madubi, musamman masu gani da dare.

Mataki na farko: fara da bindigarka da dajinka

Kafin ka dubi madubi ko ɗaya, amsa wa kanka tambaya uku. Wace bindiga ce? Daga wace tazara ka saba harbi? Da wane lokaci kake fita?

Tambayar tazara ita mutane suka fi yi wa kansu ƙarya a kai. Kowa yana tuna harbin nan guda da ya yi daga nesa, ya manta da sauran da aka yi a mita sittin ko tamanin. Wanda ke farauta a kurmi, inda dabba ke ɓullowa kwatsam a kusa, buƙatarsa daban da ta mai kwanto a fili. Ka yi lissafi da abin da ka fi yi, ba da abin da kake burin yi wata rana ba.

Ita ma bindigar tana da nata sharaɗi. Ƙaramar .22 (lambar tana nuna kaurin harsashinta ne) kusan ba ta shuri, wato ja da baya a lokacin harbi, madubi mai sauƙi ya ishe ta. Su .243, .308 da .30-06 suna dukan kafaɗa, kuma duk dukan da kafaɗarka ta sha, madubin ma ya sha shi. Wadda ake rainawa kuma ta fi kowa ɓarna ita ce bindigar iska mai sifirin. Ita shurinta biyu ne: ta ja baya, sannan ta fizgi gaba a lokacin da fistin ya kai ƙarshe. Madubin da aka gina don ya jure bugu ta fuska ɗaya yana iya kwancewa a kanta, ko da ya yi shekaru lafiya a kan babbar bindiga. In irinta gare ka, kada ka sayi madubin da ba a rubuta ƙarara cewa ya dace da bindigar iska ba.

Mataki na biyu: raba kuɗin tun kafin ka ga kaya

Madubi ba ya zama a kan bindiga shi kaɗai. Akwai zobba biyu da za su riƙe shi, akwai gadon ƙarfen da zobban za su hau, akwai kuma harsasan da za ka ƙona wajen saiti. A ganina, ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don zobba da gado, ka cire na kwalin harsashi ɗaya ko biyu, abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin madubi. Da yawa daga cikin madubin da ake zagi cewa ba ya riƙe saiti, laifin zobba ne masu laushi da ke sakin jiki bayan harbi kaɗan.

Mataki na uku: karanta lambobin da ke jikinsa

Za ka ga an rubuta irin 3-9x40. Lambobin farko ƙarfin zuƙowa ne: yana kusanto da abu daga ninki uku har zuwa ninki tara. Ta ƙarshe faɗin gilashin gaba ne, milimita 40. Idan ka ga 4x32, to wannan ba ya canzawa, ninki huɗu ne kawai.

Nan ne mai saye ya fi faɗawa rami, don zuciya tana raya masa cewa 6-24x50 ya fi 3-9x40, tunda lambobinsa sun fi girma. Ga lissafin da zai warkar da wannan. Ka riƙe madubi da nisan hannu, ka fuskanci haske, ka dubi gilashin baya. Za ka ga ɗan da'irar haske a tsakiya. Ta wannan 'yar ƙofar duk abin da idonka zai gani yake fitowa, kuma faɗinta shi ne faɗin gilashin gaba a raba da ƙarfin zuƙowa. A madubi 3-9x40, in ka sa shi a ninki shida, faɗinta ya kusa milimita 7. A ninki tara ta koma wajen 4.4. Shi kuwa 6-24x50 a ninki 24, da kyar ta wuce milimita 2. Ka murɗa zoben zuƙowa kana kallo, za ka ga da'irar tana tsukewa a gabanka.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Baƙin idon mutum yana buɗewa a duhu har kusan milimita 7 ga matashi, ga wanda ya manyanta kuma wajen 5 ko ƙasa da haka. Idan hasken da madubi ke turowa bai kai faɗin da idonka ya buɗe ba, hoton zai dushe, kuma da ka ɗan gusa da kanka sai komai ya yi baƙi. Lokacin da wannan ya fi cutarwa shi ne da asuba da kuma gab da faɗuwar rana, daidai lokacin da dabbobi suka fi fitowa kiwo.

Zuƙowa mai yawa tana da wasu illoli biyu. Tana tsuke filin da kake gani: a ninki uku, madubi 3-9x40 yakan nuna maka fili mai faɗin kusan mita 11 daga nisan mita 100, amma a ninki tara wajen mita huɗu ne kawai. Barewar da ta zabura a kusa, sai ka yi ta lalubenta ba ka same ta ba. Sannan tana ninka rawar hannu da bugun zuciya, har layin saiti, wato gicciyen da kake gani a cikin madubi, ya yi ta yawo a kan dabba. Ga shi kuma gilashi mai araha ba ya ɓoye aibinsa idan aka matsa masa. A ninki huɗu ya yi kyau, a ninki ashirin ya yi hazo.

Saboda haka shawarata ga mafi yawan mafarauta ita ce 3-9x40. An daɗe ana ƙera shi, kusan kowane kamfani yana da shi, gasa ta sa kuɗinsa ya sauko, don haka a nan ne ƙaramin kuɗi ke sayen inganci mafi yawa. Mai farautar kurmi ya nemi 2-7x32 ko makamancinsa. Kuma kada ka raina wanda ba ya canzawa, 4x32 ko 6x42. Gilasansa kaɗan ne, abin da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, abin lalacewa ma kaɗan ne.

Gilashin gaba mai milimita 50 ko 56 yana tara haske, gaskiya ne, amma yana ƙara nauyi, yana kuma tilasta maka dogayen zobba, sai kuncinka ya tashi daga kan ƙotar bindiga. Kaurin bututun madubin kuwa, ko inci ɗaya ko milimita 30, ba shi ke ƙara haske ba. Mai kaurin yakan ba da ƙarin sararin murɗa saiti ne, abin da mai harbin nesa sosai ke buƙata. Na inci ɗaya ya ishe ka, zobbansa ma sun fi araha.

Mataki na huɗu: gwada gilashin da idonka

Kowane gilashi yana mayar da wani ɓangare na hasken da ya faɗo masa, kuma madubi ɗaya yana ɗauke da gilasai da dama a jere. Shi ya sa ake yi musu wani siririn shafe da ke rage wannan asara. Shafen hawa-hawa ne: akwai wanda aka shafa wa wasu fuskoki sau ɗaya, akwai wanda aka yi wa kowace fuska shafe ninki-ninki. Na ƙarshen ake so, kuma a jikin kwali za ka ga an rubuta Fully Multi-Coated ko FMC. Ko a cikin masu araha ana samunsa yanzu, don haka ba dalilin yarda da abin da ya gaza haka. Ka kuma tabbatar an ce an cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon an toshe, domin ita ke hana gilashin ciki yin gumi idan sanyi da zafi suka haɗu.

Rubutu dai rubutu ne. Idan da hali, ka leƙa da kanka, kuma ba a cikin hasken kanti ba, inda kowane madubi gwani ne. Ka nemi izini ka fito da shi bakin ƙofa da yamma, ka dubi wuri mai inuwa, ƙarƙashin bishiya ko ƙasan mota. Ka nemi rubutu a nesa ka ga ko za ka iya karantawa. Ka lura da gefen hoton, ba tsakiya kaɗai ba: mai rauni yakan yi dishi-dishi a gefe, ko ka ga shuɗi da rawaya sun yi wa bakin abubuwa kwalliya. Ka juya wajen da rana ta yi ƙasa, amma kada ka kuskura ka kalli ranar kanta ta cikin madubi, ka ga ko farin haske zai wanke hoton. In madubai biyu kake aunawa, ka sa su a ninki ɗaya, in ba haka ba ka zalunci ɗaya.

Mataki na biyar: tazarar ido

Wannan ita ce nisan da ke tsakanin idonka da gilashin baya a lokacin da kake ganin hoto cikakke. Ga bindiga mai shuri, ka nemi santimita 9 zuwa 10, wato inci uku da rabi zuwa huɗu. Ƙasa da haka, bakin madubin na iya saran girarka idan bindiga ta ja baya, kuma wanda ya taɓa sha yakan koma runtse ido kafin ya ja kunama, harbinsa ya lalace. Ka gwada a zuƙowa mafi girma, domin a madubai da yawa tazarar tana raguwa idan aka ƙara zuƙowa.

Mataki na shida: layin saiti, maɓallai, da abin da za ka haƙura da shi

Layin da ya fi dacewa da farauta shi ne gicciyen nan mai kauri a gefe, siriri a tsakiya, wanda ake kira Duplex. Kamfanin Leupold ne ya fito da shi a 1962, kuma har yau ba a rabu da shi ba, saboda masu kaurin suna jan ido zuwa tsakiya ko da haske ya yi ƙasa. Akwai mai ɗige-ɗige a ƙasan tsakiya, da ake rubuta wa BDC, don lissafin faɗuwar harsashi a nesa. Ba laifi, amma a yawancin madubai masu araha ɗigon yana daidai ne a zuƙowa guda kawai, galibi mafi girma, kuma da wani irin harsashi aka auna shi, ba lalle naka ba.

Maɓallan saiti biyu ne, na sama mai ɗagawa da saukewa, na gefe mai kai dama da hagu. Ka zaɓi masu murfi, waɗanda reshe ko jaka ba za su murɗa maka ba ka sani ba. Ka buɗe ka juya a hankali: kowane taku ya kamata ka ji shi ƙas a kunne da yatsa. In ka ji laɓo-laɓo, ajiye shi. Yawanci za ka ga an rubuta 1/4 MOA, ma'ana kowane taku yana gusar da harsashi kimanin milimita 7 a nisan mita 100. Wasu kuma 0.1 MIL ne, wato santimita ɗaya cif a mita 100. Duk wanda ka samu ya yi, muddin ka san lissafinsa.

Sai abin da ake kira faralaks. Ka kafe bindiga wuri ɗaya, ka ɗan motsa kanka kana leƙe; in layin ya zame daga kan abin da ka saita, wannan shi ne faralaks. Madubin manyan bindigogi akan daidaita shi tun daga masana'anta a wajen yadi 100, na .22 kuma a wajen yadi 50. Ga mai harbin babbar dabba a matsakaiciyar tazara, kuskuren bai taka kara ya karya ba. Mai harbin zomo ko tsuntsu a mita ashirin da bindigar iska shi ya kamata ya biya kuɗin madubi mai zoben gyara a gaba, wanda ake rubuta wa AO.

Fitilar cikin layi, dogayen maɓallan harbin gasa, ɗan hasken leza da aka manna a gefe, duk ka bar su. Araha ba ta ado, kuma fitilar madubi mai araha sau da yawa ƙyalli take yi har ta rufe dabbar da kake son gani.

Mataki na bakwai: garanti, jabu, da na hannu

A ƙaramin kuɗi, garanti shi ne shaidar cewa kamfani ya yarda da kayansa. Vortex da Leupold sun shahara da garantin da ba ya ƙarewa, kuma suna da samfura na masu ƙaramin ƙarfi, irin Crossfire II da VX-Freedom. Burris na da Fullfield, Bushnell na da Banner. Ban ce dole sai su ba, amma ka sa su zama ma'auni. Ka tambayi mai sayarwa ta wace hanya ake mayar da kaya idan ya samu matsala daga inda kake, don garantin da kuɗin aika shi ya kai kuɗin madubin bai amfane ka da komai ba.

Shaharar suna kuma ita ke jawo jabu. Idan ka ga madubi mai babban suna a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, ka ɗauka na bogi ne har sai an tabbatar maka. Ka duba lambar da ke jikinsa, ka tuntuɓi kamfanin da ita.

Na hannu hanya ce mai kyau, domin tsohon madubi mai asali yakan fi sabo marar asali. Ka shafa bututun da yatsa inda zobba suka zauna: gogewar fenti ba komai, amma lotsawa alama ce an ɗaure shi fiye da kima, kuma cikinsa na iya taɓuwa. Ka haska tocila ta gilashin gaba ka nemi ƙura, tabon ruwa ko zane kamar saƙar gizo. Ka girgiza shi kusa da kunne, kada ka ji komai yana kaɗawa. Ka murɗa zoben zuƙowa daga farko har ƙarshe, ya tafi sumul ba tare da cijewa ba.

Mataki na takwas: ɗaurawa

Zobba su dace da kaurin bututu, su kuma dace da gadon da ke kan bindigarka. Gadon Picatinny da na Weaver sun yi kama, amma ramukan Picatinny sun fi faɗi, don haka zobban Weaver sukan hau Picatinny, na Picatinny kuwa sau da yawa ba sa shiga Weaver. Bindigogin iska da ƙananan .22 galibi siririn gado gare su, mai milimita 11 ko kashi uku cikin takwas na inci. Ka zaɓi zobba mafi gajarta da za su bar gilashin gaba bai taɓa bututun bindiga ba, sakata kuma ta buɗe ba ta gogi madubin ba.

Ka tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, ka sake tabbatarwa. Ka ɗora madubin, notuna a sake. Ka sa shi a zuƙowa mafi girma, ka rufe ido, ka ɗora bindiga a kafaɗa yadda ka saba, sannan ka buɗe. In ba ka ga hoto cikakke ba, madubin za ka gusar gaba ko baya, ba wuyanka ba. Ka daidaita layin tsaye da igiyar da aka rataya wa nauyi. Sannan ka ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, har giɓin zoben ya zama daidai hagu da dama. Yawancin kamfanoni suna ba da ma'aunin ɗauri na wajen nitan-mita biyu (awon ƙarfin murɗa notu) ga murfin zobe, wanda bai kai ƙarfin da hannu ke so ya sa ba. Ka bi abin da takardar naka ta ce. Daga nan ka kalli sararin sama ko farin bango, ka murɗa zoben da ke kusa da ido har layin ya fito baƙi wuluk da kallon farko.

Mataki na tara: saiti, da jarrabawar da za ta nuna ko a riƙe shi ko a mayar

Ka je wurin da aka amince a yi harbi, mai tudun ƙasa a bayan takardar da za ka harba. In bindigar mai sakata ce, ka zare sakatar, ka kafe bindigar a kan buhunan yashi, ka leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar takarda a mita 25, sannan ka murɗa maɓallai har layin ya hau wuri ɗaya ba tare da bindigar ta motsa ba. Wannan kaɗai zai cece ka daga asarar harsasai da yawa. Ka yi harbi a mita 25 ka gyara, kana tuna cewa a wannan tazara kowane gyara yana cin taku ninki huɗu na abin da zai ci a mita 100.

Sai ka koma mita 100 ka harba uku, ka ɗauki tsakiyarsu. A ce sun faɗa santimita 7 ƙasa da santimita 3 hagu, a madubi mai 1/4 MOA za ka ba shi taku goma sama, huɗu dama. Kibiyar da ke jikin maɓalli tana nuna inda harsashi zai koma ne. Ka bar bututu ya huce, ka sake harba uku. Kada ka bi harsashi ɗaya-ɗaya kana murɗawa, za ka ƙarar da kwali ba ka san inda kake ba.

Idan saiti ya zauna, ka yi masa jarrabawa tun lokacin mayar da kaya bai wuce ba. Kana nufin ɗigo ɗaya a kowane harbi: taku 16 sama ka harba, 16 dama ka harba, 16 ƙasa ka harba, 16 hagu ka harba. Ramukan su zana murabba'i mai kimanin santimita 11 zuwa 12 kowane gefe, na ƙarshe kuma ya dawo cikin rukunin farko. Sannan ka harba ɗaya a ƙaramar zuƙowa, ɗaya a babba, su faɗa wuri guda. In bai dawo ba, ka fara duba notunan zobba da na gado. In suna ɗaure tamau kuma ya sake yin haka, ka kwance shi, ka mayar da shi cikin kwalinsa tare da rasit da takardar da ka harba a matsayin hujja.